Hutun Kwana Biyu Mai Cin Miliyoyi: Me Ake Saya, Kuma Me Ya Shafi Sakkwato?

Idan shekara ta doshi ƙarshe, hotunan masu hali suka fara fitowa daga Legas da Marakesh da Dubai, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisu da wayoyin mutane: me mutum zai gani, ya ci, ya saurara tsakanin yammacin Juma'a da daren Lahadi, har ya zubar da kuɗin da za su sayi fili a bayan gari? A majalisar da nake zama bayan sallar Isha'i, wani matashi ya miƙa wa dattijonmu waya domin ya ga tallar irin wannan hutu: dogon tebur a tsakiyar gona, kofuna a jere, masu kiɗa a gefe, ga zane-zane rataye a bango. Dattijon ya gyara tabarau ya duba, ya mayar da wayar ya ce, "Yaro, wanga ai shan giya na, an dai yi mai ado da hitila." Aka yi dariya, aka shiga wata hira.

Dattijon bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin giyar inabi na cikin ginshiƙan wannan harka a ƙasashen da suka ƙirƙiro ta. Sai dai hukuncin da ya yanke cikin jimla guda ya rufe mana ƙofar wasu tambayoyi da suka fi kusa da aljihunmu: yadda aka gina wannan kasuwa, wanda ke kwashe ribarta, da dalilin da ya sa gari mai tarihi irin Sakkwato ba ya samun ko ƙwandala daga cikinta.

Abin da ake nufi da wannan hutu

Basakkwace ya san tafiya. Ya san Umara, ya san zuwa Masar ko Indiya neman magani, ya san ziyarar dangi a Ƙonni ko Gwandu, ya kuma san fatauci. Wannan hutu ya sha bamban da su duka, domin tafiyar ba ta da wata buƙata a bayanta face jin daɗin tafiyar. Otal ko kamfanin shirya balaguro ne ke haɗa ƙunshi guda: kwana biyu ko uku a masauki mai ƙarancin ɗakuna, cin abincin wani fitaccen kuku wanda ake kawowa kaɗan-kaɗan har kala bakwai ko goma, zagayen ɗakin baje kolin zane tare da masanin da zai yi bayani tun kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, ziyarar gonar inabi, sannan zaman kiɗa da daddare wanda mahalartansa ba su da yawa.

Tsadar ba daga katifa ko nama take fitowa ba. Abubuwa biyu ake saka wa farashi, wato ƙaranci da kusanci. Kujeru ƙalilan ne, kuma wanda ya samu ɗaya zai gaisa da mai zanen hannu da hannu, kukun zai fito daga kicin ya gaya masa ƙauyen da aka samo man da aka yi miyar da shi. Attajirin da ke da kuɗi amma ba shi da sararin yin wata guda yana yawo, shi ne ainihin abokin cinikin, domin an tace masa gari guda an zuba masa shi cikin sa'o'i 48.

Daga kamfanin taya zuwa teburin abinci

Shi kansa hutun ƙarshen mako bai daɗe a duniya ba. A 1926 ne Henry Ford ya mayar da masana'antunsa na mota a Amurka aikin kwana biyar a mako, kuma a 1936 Faransa ta kafa dokar ba ma'aikata hutun shekara ana biyansu albashi. Da mutane suka samu lokaci da mota, sai aka shiga neman inda za a kai su.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, al'adar yin doguwar tafiya domin cin abinci kawai, masu sayar da taya ne suka raya ta. A 1900 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, masu kamfanin taya a garin Clermont-Ferrand na Faransa, suka fara buga wani ɗan kundi suna rabawa direbobi kyauta, mai ɗauke da taswira da wuraren gyaran mota da masaukai. Lissafinsu a fili yake: idan mota ta yawaita tafiya, taya za ta cinye, a dawo a sayi sabuwa. A 1926 suka fara saka wa gidajen cin abinci tauraro, a 1931 suka mayar da shi hawa uku. Ma'anar tauraro na uku ita ce, abincin wurin ya isa mutum ya ɗaura niyyar tafiya musamman dominsa. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, kuma wannan tauraro ya zama hatimin da ke cika otal-otal, har ta kai hukumomin yawon buɗe ido na ƙasashe suna neman a shigar da biranensu cikin kundin. Dubai ta shiga a 2022.

Darasin da ke cikin wannan tarihi, wanda za mu sake cin karo da shi a ƙasa, shi ne cewa abinci mai daɗi ya daɗe a ƙauyukan Faransa kafin 1900. Abin da aka ƙara masa shi ne wanda zai rubuta shi, ya auna shi, ya gaya wa baƙo hanyar zuwa.

Yadda zane ya zama dalilin hawa jirgi

Babban baje kolin fasaha na birnin Venis a Italiya ya fara tun 1895, kasuwar zane ta Art Basel a Suwizalan kuma ta fara a 1970. Amma abin da ya buɗe idon gwamnatoci shi ne labarin Bilbao, wani garin masana'antu a arewacin Sifen da tattalin arzikinsa ya durƙushe, wanda ya buɗe gidan adana fasaha na Guggenheim a 1997, sai ga baƙi kusan miliyan guda suna tururuwa duk shekara, otal-otal da gidajen abinci suka farfaɗo. Tun daga nan birane suka shiga kwaikwayo, wasu suka dace, wasu suka gina ƙaton gini ya zama kufai. A Afirka ta Kudu an mayar da tsohon rumbun hatsi na tashar jiragen ruwan Cape Town gidan fasahar zamani a 2017, aka ɗora otal na alfarma a samansa. A Marakesh ana gudanar da kasuwar zanen Afirka ta 1-54 tun 2018 a otal ɗin La Mamounia. A gida Najeriya, Tokini Peterside ta kafa baje kolin zane na Art X Lagos a 2016, kuma duk watan Nuwamba masu saye da dillalai kan hallara a Legas dominsa.

Mai tambaya zai ce, ina ruwan attajiri da hoto a bango? Amsar ita ce zane ya zama ma'ajiyar dukiya, kamar yadda mutanenmu ke ajiye kuɗi a shanu ko zinarin mata. A watan Fabrairun 2018 an yi gwanjon wani zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan a kan sama da fam miliyan 1.2. Saboda haka wani ɓangare na mahalarta irin wannan hutu kasuwa suka je ci, shaƙatawar rakiya ce.

Akwai masu ɗaukar cewa duk abin da aka kira fasaha to gumaka ne da surar masu rai. Ba haka abin yake ba. Gidan adana fasahar Musulunci da aka buɗe a Doha a 2008 cike yake da rubutun hannu, da darduma, da tangaran, da kayan ƙira. Zayyanar da alaramma ke yi wa Alƙur'anin da ya rubuta da tawada da alƙalamin kara, da adon da baduku ke yi wa gafakar da za a saka shi, suna cikin abin da masana ke hawa jirgi domin su gani.

Maganar giya

Nan ne zancen ya fi zafi, kuma bai kamata a yi masa kwana-kwana ba. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka dawo da shari'ar Musulunci a 2000, saboda haka babu wani tsarin yawon buɗe ido da za a gina a nan a kan kwalba. Abin da ya rage a fahimta shi ne dalilin da ya sa giyar inabi ta zama tsakiyar harkar a can, domin sanin dalilin ne zai nuna ko za a iya cire ta ginin ya tsaya.

Dalili na farko noma ne. Yankuna irin su Bordo a Faransa, da Taskani a Italiya, da kwarin Napa a Kalifoniya, da Franschhoek a Afirka ta Kudu, inda Faransawa masu gudun hijira suka zauna tun 1688, ƙasashen manoman inabi ne. Manomin da ya gane cewa dillali na cinye ribarsa sai ya jawo mai saye har gona, ya gina masa masauki, ya kawo kuku, ya kafa gumakan fasaha a tsakanin kunyoyi, ya gayyato makaɗa. Kwarin Napa bai yi suna ba sai bayan wata gasar ɗanɗano da aka yi a Faris a 1976, inda alƙalai Faransawa, ba tare da sanin wace kwalba ce ta wa ba, suka fifita ta Kalifoniya a kan tasu. Dalili na biyu riba ce tsagwaronta, domin gidan cin abinci kan sayar da kwalba ninki biyu ko uku na farashinta a kanti, ribar da tukunya ba ta bayarwa.

To idan an cire ta fa? Saudiyya ta gwada. Tun ƙarshen 2018 take gudanar da bikin hunturu a Al-Ula, ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019, ta gina zauren kiɗa mai bangon madubi a tsakiyar hamada, ta kawo manyan kukun duniya, kuma ba a zuba giya a otal-otal ɗin. Baƙi na zuwa. Sai dai cire giyar bai kashe muhawara ba, domin malamai da dama na tunatar da hadisin da Manzon Allah (SAW) ya hana shiga gidajen Samudawa a Hijir sai ana kuka, wanda kuma nan ne wurin tarihin da ake kai baƙin. A manyan gidajen abinci na Turai ma yanzu ana jera wa wanda ba ya shan giya ruwan 'ya'yan itace da nau'o'in shayi, kowane kala da abin shan da ya dace da shi. Wanda ya san bambancin furar da aka dama da nonon safe da wadda ta kwana, ko zoɓon da aka saka wa kanumfari da citta daidai gwargwado, ya san cewa harshe ba ya buƙatar maye kafin ya yi alƙalanci.

Kiɗan kuma fa?

Shi ne ke hana baƙo komawa gida da yamma, ya kwana ya biya ɗaki. Bikin Salzburg na Ostiriya tun 1920 yake, na Montreux a Suwizalan tun 1967, birnin Fas na Maroko kuma ya zaɓi nasa salon a 1994 da bikin waƙoƙin addini. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne bikin hamada na ƙasar Mali, wanda ya fara a 2001 ya jawo baƙi daga ko'ina zuwa yankin Tumbuktu, rikicin 2012 ya zo ya tsayar da shi cak.

Masu suka da masu karewa

Masu suka suna da hujja mai nauyi. A ɗauki misali cewa hutun ya ci dala 2,000 har da tikiti. Kafin a sakar wa kasuwa farashin naira a watan Yunin 2023, farashin gwamnati bai kai naira 500 a dala ba, a 2024 kuwa ya haura 1,500. Ke nan ana maganar naira miliyan 3, wanda ya yi daidai da albashin kusan wata 43 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A jihar da ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta nuna kusan kashi 91 cikin ɗari na mutanenta na cikin talauci ta fuskoki da dama, mafi yawa a duk Najeriya, ba abin mamaki ba ne a kira wannan almubazzaranci. Zafin ya fi yawa idan mai hoton ma'aikacin gwamnati ne wanda kowa ya san albashinsa, domin a nan tambayar ta tashi daga yadda ya kashe ta koma inda ya samo.

Masu karewa kuma na cewa wanda ya tara halalinsa, ya fitar da zakka, ya sauke nauyin iyali da dangi, ba a hana shi jin daɗi ba, kuma mu ma muna kashe abin da ya fi haka a lefe da kayan ɗaki da walimar kwana uku ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Suna ƙarawa da cewa kuɗin attajiri da ke kwance a banki ba ya ciyar da kowa, wanda ya kashe a otal kuwa ya shiga hannun direba da mai wanki da manomin tumatir.

A ganina hujjar ƙarshen nan gaskiya ce, amma tana da gurgu. Direban da mai wankin da ake magana a kansu na Marakesh ne ko Dubai. Kuɗin da aka samu a Sakkwato, aka canza shi zuwa dala, aka kashe a wata ƙasa, bai ratsa ta hannun talakan Sakkwato ko sau ɗaya ba, sai ma ƙarin matsi da ya yi wa naira.

Abin da talakan can ke gani

Kada a ɗauka cewa garuruwan da ke karɓar baƙin suna cikin daula zalla. Inda otal ɗin na kamfanin waje ne, kayan abincin kuma daga waje ake shigo da su, abin da ke sauka a gari bai wuce ƙaramin albashi ba, shi ma na 'yan watannin kaka. Hayar gida kan tashi har 'yan gari su kasa zama a unguwannin iyayensu. Venis ta fara karɓar yuro 5 daga masu shigowa yini guda a 2024 saboda cunkoso, kuma a shekarar ne mazauna Basalona suka yi zanga-zanga har suna fesa wa baƙi ruwa. A Legas ma duk Disamba ana kukan tsadar ɗaki da mota da cunkoson hanya. Inda abin ya amfani ƙananan mutane, za ka tarar manomi da mai sana'ar hannu suna sayarwa kai-tsaye ga baƙo, sunansu na manne da abin da suka yi.

Ina Sakkwato a ciki?

Kwanakin baya na yi baƙo daga kudu, malamin jami'a mai sha'awar tarihi. Na kai shi Hubbaren Shehu, muka tsaya ƙofar fadar Sarkin Musulmi, na ba shi labarin fafatawar Giginya da Turawan mulkin mallaka ta 1903, da kufan Surame da Alkalawa, da Wurno inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da dare ya yi ya ce yana son cin abincin Sakkwatawa, muka duba takardar abincin otal ɗin da ya sauka, babu komai sai soyayyiyar shinkafa da taliya da dankalin Turawa. Sai gida na aika aka tuƙa tuwo da miyar sure, aka nemo hoce da kilishi, aka dama fura. Har ya tafi abincin nan yake zance. Otal ɗin ya karɓi kuɗin ɗaki, amma abin da ya fi burge baƙon babu wanda ya sayar masa da shi.

Kayan haɗin duk muna da su. Akwai dubban rubuce-rubucen malaman jihadi da zuriyarsu cikin Larabci da ajamin Hausa da Fulfulde. Akwai kiɗan fada na kotso da taushi da kakaki da algaita, wanda ƙasar Sakkwato ce cibiyarsa, kuma ana yinsa a bainar sarakuna da malamai tun kaka da kakanni. Akwai shinkafa da albasar fadamun Wurno da Goronyo da Kware, ga hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da zafin da kan haura digiri 40 a Afrilu ya yi sauƙi, ga filin jirgin sama. Maƙwabtanmu sun nuna ana iyawa: bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, hawan Sallah na Kano kuma ya shiga a 2024.

Babban cikas shi ne tsaro, kuma babu amfanin ɓoye shi. Muddin 'yan bindiga na tare hanyoyin Isa da Sabon Birni, kuma ana fama da Lakurawa a Tangaza da Gudu, babu mai kuɗin da zai kawo iyalinsa hutu, ko da cikin birni lafiya lau ne, domin baƙo sunan jiha yake ji a labarai, bai san tazarar ƙaramar hukuma da ƙaramar hukuma ba. Saboda haka abokin ciniki na farko ba Bature ba ne. Ɗan Sakkwaton da ke aiki a Abuja ko Legas ne, wanda 'ya'yansa ba su taɓa ganin yadda ake jeme fata ba, sai maziyarta Hubbare da ke zuwa daga Nijar da Kamaru da sauran sassan Najeriya ba tare da wani ya tallata musu ba, su kwana inda suka samu su koma.

Cikas na biyu ya fi daɗewa tare da mu, kuma fata ce ta fi bayyana shi. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na ɗaukar fatar jar akuyar Sakkwato su ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko. Har gobe mafi kyawunta na bi ta majemun Kano zuwa Italiya da Sifen, a ɗinka jaka da takalmi a buga musu sunan wani kamfani, kuma ba zai zama abin mamaki ba idan jakar da ke rataye a kafaɗar mai hutun da muka gani a waya daga garken wani Bafulatanin Rabah ta fito.

Na kai baƙon nawa rumfar wani tsohon baduku a cikin gari. Muka same shi zaune a kan buzu, ya tanƙwashe ƙafa, yana huda jar fata da basilla, gefensa ga ƙwaryar rinin karan dafi, ƙanshin bagaruwa ya cika rumfar. Baƙon ya yi kusan sa'a guda yana kallon yadda yake zare siririn zaren fata yana saƙa ado a fuskar tumtum, yana tambaya ina fassarawa. Da za mu tafi ya sayi tumtum biyu, bai nemi ragi ba, sannan ya roƙi tsohon ya rubuta sunansa a ƙasan fatar. Tsohon ya dube ni ya ce, "Malam, mi zai yi da sunana?" Na ce so yake duk wanda ya gani a ɗakinsa ya san wanda ya yi. Ya yi shiru, sannan ya kira wani almajiri ya aro masa biro a shagon maƙwabci, ya rubuta da ajami. Na tambaye shi ko cikin 'ya'yansa akwai mai koyon aikin, ya ce babban yana kabu-kabu, ƙaramin kuma yana sayar da katin waya a bakin tasha.